Sharhabilu da Ƙafafun Inno

Har gobe akwai masu kiranshi Malamin Tsalle a Batsari, shi kuwa ko a jikinshi, dariya yake yi ya wuce. Ni ce abin ke ci wa rai. Duk duniyar nan ni ke da ikon zolayar Sharhabilu, domin taubashina ne: ubana da uwarshi ciki ɗaya suka fito, ni ɗiyar namiji, shi ɗan mace, kun ga kuwa bawana ne halak malak. In na ce mashi Sarkin Guje-guje, gadona na ci. Amma wani can da bai san da me ake auna hawan jini ba ya buɗe baki ya ce wasa yaron nan ya je ya karanto a jami'a, to ranar zai gane Zuwaira tela ba da allura kaɗai take suka ba. Ku zauna in ba ku labarinshi yadda na gani da idona.

A Darini aka haife shi, shi ne autan gwaggona, wadda kowa ke kira Inno. Babansu, Malam Rabe, manomi ne mai shanun huɗa biyu. Wata damina na je masu kwana biyu, aka aike ni kai fura gona. Na tarar an kwance shanu suna hutawa a gindin marke, Sharhabilu kuma ya manna kunnenshi a haƙarƙarin jan san, ya yi shiru.

Malam Rabe ya ce, "Kai auta, me san ke gaya maka?"

Ya ce, "Baba, shi ya tsaya, amma zuciyarshi ba ta bar gudu ba. Wa take bi?"

Malam Rabe ya dube shi, ya dubi san, ya ce ya tashi ya ɗebo masu ruwa. Tun daga ranar muka shiga uku. In aka yi tseren yara, kowa ya zube yana haki, shi sai ya bi mu yana kama wuyan hannunmu wai yana jin bugu. Na sha kai mashi dundu a kan wannan.

Lokacin da ya gama sakandare Malam Rabe ya riga ya rasu, Allah ya jiƙanshi. Riƙon gida ya koma hannun babban wansu, Almustapha, ɗan farin Inno, mai sayar da hatsi a kasuwar Batsari. Da Sharhabilu ya samu gurbin karatu a jami'a a Kano, ya zo ya durƙusa ya faɗi sunan karatun da Turanci. Suna ne mai tsawon gaske, harshena bai taɓa iya ɗaukarshi ba har yau.

Almustapha ya ce, "Likita ke nan?"

"A'a, Yaya."

"To mai haɗa magani?"

"A'a. Ilimin abin da ke faruwa ne a cikin jikin mutum in ya motsa. Yadda zuciya da huhu da tsoka ke aiki, da yadda za a yi amfani da motsin a gyara lafiya."

Almustapha ya ce, "Wato dai wasan guje-guje." Ya ja tsaki ƙasa-ƙasa. Amma zan faɗi gaskiya ko da ba na shiri da girman kanshi: bai hana ba. Shi ya ɗauki nauyin karatun tun daga farko har ƙarshe, kuma ban taɓa jin ya yi gori ba.

Ni lokacin an kawo ni Safana, ina ɗinkina a gidan mijina. Duk hutu sai Sharhabilu ya biyo ta wurina ya ci tuwon banza, ya cika mani kunne. Wai akwai wani inji da ake hawa a yi ta gudu a kai ba a zuwa ko'ina. Na ce to ai mu ma muna da masu irin wannan gudun a dangi. Wai ana rufe wa mutum baki da hanci da wata roba a auna iskar da yake ja, a liƙa mashi wayoyi a ƙirji a ga rubutun zuciyarshi yana fita a takarda. Wai sun karanta sunan kowane ƙashi da kowace tsoka, sun karanta yadda tuwon da ka ci ke zama suga a jini, da yadda tsokar cinya ke shanye sugan in ka yi tafiya. Wannan na ƙarshe ya tsaya mani a rai, ban san dalili ba. Wata rana ina taka keken ɗinki ya tsura wa ƙafata ido, ya ce, "Kin san ƙafar damarki ta fi ta hagu ƙarfi?" Na ce in zo in gwada mashi a gadon baya ya tabbatar.

Da suka gama, abokan karatunshi suka watsu. Wani ya samu aiki da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, shi ke tsara yadda 'yan wasa za su yi atisaye kada su gaji kafin a tashi. Wani ya shiga soja yana horar da sababbin ɗauka. Wata yarinya 'yar ajinsu ta buɗe gidan motsa jiki na mata a Kaduna. Wani ya ci gaba da karatu har ya zama malamin jami'a. Shi Sharhabilu bautar ƙasa ta kai shi wani asibiti a kudu, aka haɗa shi da likitocin zuciya. Mutanen da suka tashi daga ciwon zuciya, masu tsoron ko matakala su taka, shi ke koya masu tafiya a hankali har su yarda da jikinsu. Ya ce mani nan ya gane abin da ya karanta.

Bayan nan ya yi aiki a wani gidan motsa jiki a Katsina, inda manyan mutane ke biyan kuɗi don su yi gumi. Da ya gaya mani na riƙe haɓa. Na ce ya aiko mani su gonar mijina, kyauta za su yi gumin har a ba su fura. Bai daɗe a can ba ya dawo gida, ya karɓi aikin koyar da lafiya da motsa jiki a wata sakandare a nan Safana. Mutane suka ce kun gani ko, duk digirin nan a busa usur ya ƙare. Daga nan sunan Malamin Tsalle ya bi shi.

To yanzu bari in zo kan Inno, don ita ce zancen.

Inno da na sani a Darini mace ce da ba ta san zama ba. Kafin rana ta fito ta daka surfe, ta ɗebo ruwa, ta kai abinci gona a ƙafa, ta dawo da ƙunshin itace a ka. Tafiyarta ko namiji sai ya ɗaga ƙafa. Da daji ya lalace da 'yan bindiga, noma a gonakin nesa ya zama sai da addu'a, Almustapha ya gina gida a Batsari ya ɗauko ta. A nan ya yi abin da kowane ɗan kirki a wurinmu ke burin yi: ya hutar da uwarshi. Ya sa mata katifa mai taushi da fanka. Ya ce wa matarshi Hadiyya, in ya sake ganin tsintsiya a hannun Inno, ita zai tuhuma. Niƙa sai inji, ruwa ga famfo a tsakar gida, ko buta miƙo mata ake yi. In za ta gaisuwar mutuwa a bayan layi, sai an kira mai mashin. Shayi da madara da burodi da safe, lemun kwalba da rana. Duk Batsari ana misali da shi, ana cewa Allah ya ba mu ɗa irin Almustapha.

Ita kuwa ba ta iya cewa komai. Ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninsu. Ba ta faɗin sunanshi, ba ta zama hira da shi, in ya shigo gaishe ta gefe take duba ta amsa a taƙaice. Da wane baki za ta ce mashi hutun nan ya ishe ta? Shi ma ba shi da wata hanyar nuna mata ƙauna sai wannan. Haka aka yi shekaru tana zaune, jiki ya yi nauyi, gwiwa ta riƙe. Aka ce hawan jini, aka ce ciwon suga. Sallah ta koma a zaune. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta dafa bango ta huta a hanya. Sharhabilu ya sha yin magana, Almustapha ya ce mashi abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Sai ga shekarar da Almustapha ya biya masu kujerar Makka, shi da ita. Murna a gidan ba a magana. Aka kai ta wurin likita a Katsina ya duba ta tun da wuri, ni na raka su. Likitan ya auna abin da zai auna, ya sa ta tashi ta taka daga kujera zuwa ƙofa. Kafin ta kai ƙofar tana haki. Ya ce in Allah ya so za ta iya tafiya, amma a shirya mata keken marasa lafiya, domin ɗawafi da Safa da Marwa ba aikin waɗannan ƙafafun ba ne.

Almustapha ya ce ba komai, shi zai tura ta da hannunshi, lada ce ta same shi.

Da muka isa gida, daga ni sai ita a ɗaki, na ga hawaye na bin kuncinta. Ta ce, "Zuwaira, na taka ƙafar nan zuwa gonar mutum, na taka ta zuwa rijiyar mutum, na taka ta zuwa bikin mutum. Sai ɗakin Allah ne za a tura ni kamar buhun masara?"

Na ce, "Gwaggo, ai malamai sun ce ya halatta."

Ta ce, "Na sani. Ni dai da ƙafata nake so."

Washegari na tare Sharhabilu a bakin makarantarsu, usur rataye a wuya. Na ce, "Kai bawa, karatun nan naka na ado ne ko na aiki? Uwarka na kuka." Ranar bai rama zolayar ba. Ya tambaye ni wata nawa ya rage a tashi, na gaya mashi, ya ɗan yi lissafi a ranshi ya ce, "Za a iya, in ta yarda, in likita ya yarda."

Abin da ya fara yi ke nan, ya koma wurin likitan. Kullum maganarshi ita ce shi ba likita ba ne, ba ya ba da magani, ba ya hana shan magani. Suka zauna da likitan suka yi Turancinsu, aka sake duba zuciyarta, aka ce ya bismilla amma a hankali. Ya sayo mata takalmi mai taushi irin na 'yan makaranta. Kullum in an tashi daga makaranta sai ya hau mashin daga Safana zuwa Batsari, da abin auna jini da ɗan injin auna suga a jaka. Ya duba tafin ƙafarta ko akwai rauni, ya auna, sannan a fara.

Farkon abin har dariya yake ba ni. Ta zauna a kujera, ta tashi, ta zauna, ta tashi. Shi ke nan aikin ranar. Na ce, "Wannan ne digirin?" Ya ce sannu ba ta hana zuwa. Bayan kwanaki aka koma takawa daga ɗaki zuwa zaure. Yana tafe a gefenta yana jan ta da hira, ashe hirar ma awo ce: in tana iya magana ba ta sarƙe ba, tafiyar ta yi daidai, in numfashi ya fara yanke mata zance, a tsaya. Ya roƙi Hadiyya a rage lemun kwalba, a dawo da tuwon dawa da miyar kuka da zogale, abincin da Inno ta sani tun tana yarinya.

Inda aka samu cikas shi ne hannuwa da baya. Ya kawo wata doguwar roba mai talewa ya ce ta riƙa ja. Ta duba robar, ta dube shi, ta ce, "Auta, ni za ka mayar 'yar wasa da tsufana? Kai wa ɗalibanka." Ya yi lallashi, ta ƙi. Sai ya zauna a bakin tabarmarta ya ce, "To Inno, a duk aikin Darini, wanne kika fi kewa?"

Ba ta ko yi tunani ba ta ce, "Daka."

Ya yi murmushi. Ya ce ai daka ya fi robar, domin yana ɗaukar hannu da kafaɗa da baya da ƙafa gaba ɗaya. Aka fara da ƙaramin turmin kayan miya, tana zaune. Da hannu ya saba, aka ciro tsohuwar taɓaryarta ta Darini daga bayan ɗaki, wadda hannunta ya goge har tana ƙyalli. Ranar da ta miƙe tsaye ta saki taɓaryar nan cikin turmi, ina wurin. Ba ta yi da yawa ba ya tsayar da ita. Amma fuskarta ta canja, har da ɗan waƙe-waƙen daka ƙasa-ƙasa.

To kun san turmi ba ya ɓoye sirri. Maƙwabta suka ji, suka leƙo, suka ga tsohuwa na daka ga surukarta zaune. Kafin sati ya zagayo zance ya kai kasuwa. Wai Almustapha ya biya Makka don idon duniya, a gida kuwa uwarshi ke surfe. Wai an gan ta da takalmin 'yan ƙwallo tana zagaya layi, Malamin Tsalle na biye da ita kamar mai kiwon akuya. Wata mata ta kawo mani ɗinki har Safana don kawai ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na auna ta, na ce ta dawo bayan sallah, kuma ta rage cin mai don ƙugunta ya ƙaru.

Ana cikin haka wata rana da la'asar Inno ta dawo daga zagayenta, sai jiri ya ɗebe ta a zaure, gumi na keto mata, hannu na rawa. Sharhabilu ya zaunar da ita, ya huda yatsa ya auna, ya ga suga ya yi ƙasa. Ya sa Hadiyya ta jiƙa suga a ruwa aka ba ta, ya bi da dabino. Kafin a jima ta dawo daidai. Amma a daidai lokacin Almustapha ya shigo, da zancen kasuwa cike da cikinshi, ya tarar da uwarshi zaune a ƙasan zaure.

Ban taɓa ganin ranshi ya ɓaci haka ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na biya maka karatu don ka zo ka kashe mani uwa? Ka zubar mani da mutunci a gari, yanzu kuma ranta kake nema?"

Sharhabilu ya durƙusa. Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Maganin da take sha an auna shi ne da jikin mai zama. Yanzu jikinta ya fara shanye sugan da kanshi, maganin ya yi mata yawa. Gobe mu je tare ka ji daga bakin likita."

Ni kuwa bakina ya ƙi zama. Na ce, "Yaya Almustapha, mutuncin naka ne za ya yi mata ɗawafi ko ƙafarta? Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi." Ya watsa mani wani kallo, ya ce ba da ni yake ba. Na ce ai ni da shi nake, kuma shi ma bawana ne in ya manta. Hadiyya ta ja ni ɗaki.

Washegari aka je. Likitan ya auna, ya duba, ya rage mata magani, ya ce wa Sharhabilu ya ci gaba, kada dai ta fita ba ta ci komai ba. Almustapha ya ji da kunnenshi. Amma namiji da girman kai sai Allah. Ya ce tafiya ya yarda, daka ne bai yarda ba, domin tafiya ba ta da ƙara. Ya ɗauki taɓaryar da hannunshi ya kai shagonshi na kasuwa ya jingine bayan buhuna.

Inno ba ta ce mashi komai ba, ba ta da bakin cewa. Abin da ta yi shi ne, da hantsi ta saka takalminta ta yafa mayafi ta taka har gidan wata ƙawarta 'yar Darini a can ƙarshen gari, ta karɓi taɓaryarsu ta yi masu daka, ta sha ruwa ta dawo. Sharhabilu ya ce mani shi ya ci riba biyu, ga tafiya ga daka. Almustapha ya ji labari, ya yi kamar bai ji ba.

Haka aka tafi har azumi ya zo, aka mayar da tafiyar bayan shan ruwa, aka sassauta. Wata ranar Juma'a na je gaishe ta, na ɗaga labule na tarar tana sallah a tsaye. Ta yi ruku'u, ta yi sujada, ta miƙe ba ta dafa komai ba. Na saki labulen na koma tsakar gida na yi kukana. Sharhabilu ya ce ashe uwargijiyarshi na da hawaye. Na ce hayaƙin murhu ne.

Ranar tafiya muka raka su sansanin alhazai a Katsina. Sharhabilu ya yi ta nanata mata: ta sha ruwa, ta riƙe dabino a jaka, ta duba ƙafarta kullum, in ta gaji ta tsaya, in kuma jiki ya ƙi, ta hau keken, ba abin kunya ba ne. Ta ce ta ji. Da suka shige, na ga ya tsaya yana murza hannuwa. Duk kwanakin aikin hajjin nan bai ci abincin kirki ba. In an yi waya, gaisuwa ce kawai da lafiya lau, Inno ba mai dogon zance a waya ba ce, shi kuma ba zai iya tambayar wanshi ba.

Sai da suka dawo muka ji. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, ana rabon dabino da zamzam. Da jama'a suka ɗan ragu bayan la'asar, Almustapha, wanda yanzu ya zama Alhaji, ya kira Sharhabilu zaure. Ni ma na bi, ba wanda ya kira ni.

Alhaji ya ciro carbi yana ja. Ya ce wurin ɗawafi cunkoso ya yi yawa, mutane kamar za su raba su, sai ya ji an kama mashi hannu tamau. Ya duba ya ga Inno ce. Ya ce shi dai tun da ya yi wayo bai san hannun uwarshi a cikin nashi ba sai ranar. Haka suka yi zagaye bakwai, tana gaba tana jan shi.

Ya ce da aka zo Safa da Marwa zuciyarshi ba ta kwanta ba, sai ya samo keke, yana turawa a bayanta babu kowa a ciki, yana jiran ta gaji. Ta je ta dawo, ta je ta dawo, in ta kai ƙarshe ta tsaya ta yi addu'a ta kurɓi ruwa ta juya. Shi kuwa ƙirjinshi ya fara zafi. Wajen na biyar ya tsaya ya dafa keken yana haki. Sai ta waiwayo, ba ta dube shi ba, ta dubi gefe kamar yadda ta saba, ta ce, "A ce wa mai keken nan ya zauna ciki ya huta. Ina jiranshi."

Na fashe da dariya har da riƙe ciki. Sharhabilu ya sunkuyar da kai, kafaɗunshi na rawa, na ɗauka shi ma dariyar yake. Da ya ɗago na ga fuskarshi jiƙe take.

Alhaji ya ce, "Ta gama da ƙafarta, auta. Har jifa da ƙafarta ta je." Sannan ya ce, "Abin nan da kake auna mata, in ka zo gobe ka auna ni."

Yanzu haka a nan Safana za ku same shi da usur ɗinshi a filin makaranta. Ranar da babu makaranta kuma yana ɗakin shan magani, inda ma'aikatan lafiya ke turo mashi masu suga da masu hawan jini, tsofaffi maza da mata, yana koya masu tashi da zama. Kowa sai ya tambaye shi aikin da ya fi kewa. Ina alfahari da yaron nan, Allah ya sani, ko da yake in kun gaya mashi zan ce ƙarya kuke.

A Batsari na kwana ranar da suka dawo. Da sassafe na ga Alhaji ya fita zuwa shagonshi, ya dawo da wani dogon abu naɗe cikin buhu, ya jingine a bakin ɗakin Inno, ya koma ƙofar gida inda aka shimfiɗa tabarmi don masu zuwa gaisuwa. Ba a jima ba turmi ya fara amsawa a tsakar gida, dum, dum, har waje. Ina zaure ina zuba zamzam a kofuna, sai na ji wani dattijo daga cikin 'yan kasuwa, irin masu yaɗa zancen nan, yana cewa, "Alhaji, wa ke daka haka da ƙarfi a gidan alhazai tun da safe?"

Alhaji ya gyara zama, ya miƙa mashi dabino. Ya ce, "Hajiya ce. Uwata ce."